Ɗaki Ɗaya Mai Rufi Ya Fi Harsashin Ɗaki Goma

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin manyan ma'aikatun ƙasar nan, yanzu kuma ta gangaro kan matsakaitan kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Cutar ita ce son a yi komai gaba ɗaya, a gama shi rana ɗaya, a kira manyan baƙi da masu ɗaukar hoto a yanke ƙyalle. Mun san ta a aikin hanya da ginin asibiti. Sabon wurin da ta samu shi ne aikin kwamfuta, musamman abin da ake kira intiranet, wato intanet na cikin gida: shafuka da manhajojin da ma'aikatan kamfani kaɗai ke iya shiga, inda ake ajiye takardu, a ga lissafin kaya, a nemi izinin kashe kuɗi, a san wanda ke bin wani bashi.

Matsayina a kan wannan batu ba shi da kwana-kwana. Duk mai kamfanin da ya sa hannu a kwangilar gina irin wannan tsari ɗungurungum, aka ce masa ya jira shekara ɗaya da rabi kafin ya ga komai, ya jefa dukiyarsa cikin rijiya ne yana fatan ta dawo da ruwa. Hanyar da ta dace ita ce a gina shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta shiga hannun ma'aikata cikin 'yan makonni, ta fara biyan kuɗin da aka kashe mata kafin a taɓa ta gaba.

Garuruwa uku a kan titi ɗaya

Don kada maganar ta tsaya a sama, mu sauko da ita kan titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri da Kwantagora. A cikin jihar Kebbi titin nan yana ratsa Aliero, ya shiga Jega, ya wuce Maiyama. Aliero gari ne da sunansa ya tafi tare da albasa har kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta, kuma tun 2006 yake da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha. Jega tsohuwar cibiyar ciniki ce tun ƙarni na 19, lokacin da fataken goro ke bi ta nan zuwa Gwanja, kuma har yau mahaɗa ce, domin daga nan hanyar Birnin Kebbi ke rabuwa. Maiyama ƙasar noma ce, ta gero da dawa da shinkafa.

Mai karatu ya ƙaddara wani kamfani da ke sayen albasa a Aliero, yana da babban sito da ofis a Jega, yana kuma ba manoman yankin Maiyama bashin taki da iri su biya da hatsi bayan girbi. Ba wani kamfani na musamman nake nufi ba, irinsa suna da yawa. Me ke cinye ribarsa? Manaja a Jega bai san buhu nawa ke Aliero a daren jiya ba sai ya buga waya sau uku. Albasa tana ramewa a ajiya, wata tana ruɓewa, ba wanda ya rubuta ranar da kowane kashi ya shiga rudu, don haka ana fitar da sabuwa a bar tsohuwa. Direba yana tsaye da tirela yana jiran kuɗin mai, wanda zai sa hannu ya tafi ɗaurin aure Birnin Kebbi. Littafin bashin manoma yana hannun mutum ɗaya, ranar da ya kwanta ciwo littafin ma ya kwanta.

Waɗannan su ne ramukan da kuɗi ke zurarewa. Kowannensu ƙarami ne, kowannensu ana iya toshe shi shi kaɗai.

Abin da ake kawo mana a madadin haka

Sai ga masu ba da shawara daga Abuja ko Legas da takarda mai shafi sittin. A ciki akwai sashen ma'aikata, sashen albashi, sashen kaya, sashen motoci, ɗakin hira, ɗakin karatu, allon shugaba mai zane-zane kala-kala, da shafin farko mai ɗauke da hoton mai kamfani da tarihin rayuwarsa. Za a yi wata uku ana tattara buƙatu, wata uku ana zane, wata tara ana rubuta manhaja, wata uku ana gwaji. A biya kaso mai tsoka tun farko, a sayi babbar kwamfuta mai riƙe bayanai da na'urar sanyaya ɗaki, sannan a jira.

Wannan tsari yana da illa uku, kuma kowace ɗaya ta isa ta kashe shi.

Ta farko ita ce lokaci. Wata goma sha takwas a harkar albasa kaka biyu ce. Duk asarar da ramukan nan ke jawowa za ta ci gaba har kaka biyu, alhali kuɗin maganinta ya riga ya fita daga asusu. Ga kuma halin da naira ke ciki. Wanda ya ƙulla irin wannan kwangila a watan Mayun 2023 ya yi lissafinsa dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A ranar 29 ga wannan wata aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Kwamfutoci da lasisin manhaja da dala ake sayensu. Doguwar kwangila a irin wannan yanayi tana ƙarewa da ɗayan biyu: ko ɗan kwangila ya dawo neman ƙari, ko ya sulale ya bar aikin.

Ta biyu ita ce jahilcin da ba laifin kowa ba ne. Babu wanda ya san abin da yake buƙata daga manhaja sai ya taɓa ta da hannunsa. Tambayi mai kula da sito abin da yake so a ɗakin taro, gaban maigidansa, zai ce duk abin da aka kawo ya yi. Ba shi abin a wayarsa ranar kasuwa, 'yan dako na sauke kaya, rana na dukansa, nan take zai gaya maka cewa rubutun ya yi ƙanana, cewa shi da buhu yake lissafi ba da kilo ba, cewa buhun albasa da na shinkafa ba ɗaya ba ne, cewa sabis yakan ɗauke a bayan sito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an yi ruwa yake nunawa. Takarda mai shafi sittin an rubuta ta ne kafin ruwan ya sauka.

Kenya ta ba duniya misali a kan wannan. A 2005 aka fara gwajin M-Pesa a garin Thika da nufin masu ƙaramin bashi su riƙa biya ta waya. Da aka sa abin a hannun mutane sai aka ga suna aika wa junansu kuɗi da shi. Masu aikin suka bi abin da idonsu ya gani, suka ƙaddamar da shi a Maris 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi. Da sun rufe ƙofa shekara biyu suna gina abin da ke cikin takardarsu ta farko, da sun fito da kyakkyawar manhajar biyan bashi wadda ba ita mutane suka fi buƙata ba.

Ta uku ita ce tara haɗari a rana ɗaya. Idan sassa goma sha biyu suka tashi aiki safiya ɗaya, kurakuran sassa goma sha biyu ne za su bayyana safiya ɗaya, a kan ma'aikatan da ba su saba da ko ɗaya ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: mako biyu ana fama, sai kowa ya koma littafinsa da WhatsApp, babbar kwamfutar ta zauna tana shan man janareto.

Waɗanda suka fi mu kuɗi sun gwada

Kada a ɗauka wannan gazawa ce ta ƙasashe matalauta. A 2002 Birtaniya ta fara gina tsarin kwamfuta guda da zai haɗa bayanan marasa lafiya a asibitocin Ingila. A 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shirin, kuma a 2013 kwamitin majalisar dokoki mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya ƙiyasta abin da zai ci da kusan fam biliyan 10. Hukumar FBI ta Amurka ta yi watsi da tsarin ajiye bayanan bincikenta a 2005 bayan ta kashe wajen dala miliyan 170. Wanda ya gaje shi ma ya fara tangal-tangal a hannun babban ɗan kwangila, sai a 2010 hukumar ta karɓe aikin, ta ba ƙaramin rukunin ma'aikata, suna fitar da abin da za a iya gani duk mako biyu. A 2012 tsarin ya fara aiki.

Masana harkar sun daɗe da sanin haka. Tun 1970 injiniya Winston Royce, wanda ake jingina masa tsarin nan na gama mataki kafin a shiga na gaba, ya yi gargaɗi a maƙalarsa cewa barin gwaji sai ƙarshe yana tattare da haɗari. A Fabrairun 2001 masu rubuta manhaja 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah suka fitar da gajeriyar sanarwa wadda jigonta shi ne a riƙa miƙa manhaja mai aiki a kai a kai, a kuma karɓi canjin buƙata ko da ya zo a makare. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Mai ba da shawarar da ya kawo maka shirin wata goma sha takwas a yau, ko dai bai karanta ba, ko ya karanta ya ga bai dace da aljihunsa ba.

Mu ma muna da namu tabon. A ƙarshen Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin naira, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardu a farkon 2023, kafin sababbin su wadata. Duk wanda ya shiga kasuwa irin ta Jega a Fabrairun wannan shekara ya ga sakamakon: ga kaya, ga mai saye, babu abin biya. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. Laifin shi ne kashe tsohuwar hanya kafin sabuwa ta tsaya da ƙafarta, kuma shi ne ainihin abin da babbar kwangilar manhaja ke umartar kamfani ya yi ranar ƙaddamarwa.

Darasi daga hukumar zaɓe

Misali mafi kusa ya fito daga hannun ɗan wannan yanki. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Bai yi yunƙurin mayar da zaɓe gaba ɗaya kan na'ura a shekara guda ba. A 2011 aka yi sabuwar rijista da na'urorin ɗaukar hoto da zanen yatsa. A kan wannan rijista aka ɗora katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance kati a 2015, kuma kafin ranar zaɓe aka gwada na'urar a jihohi 12 a ranar 7 ga Maris. Duk da haka ranar 28 ga Maris na'urar ta ƙi karanta katin Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke, kuma abin da ya ceci ranar shi ne an koma tantancewa da hannu inda na'urar ta gaza. Waɗanda suka gaji Jega suka ƙara shafin IReV na ɗora sakamako a 2020, da na'urar BVAS a 2021, kowanne aka fara da shi a zaɓen cike gurbi.

Sannan ga 25 ga Fabrairun 2023. Sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin a kan lokaci. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya shi ne kuskure a saitin manhajar wanda ya shafi zaɓen shugaban ƙasa kaɗai, zaɓen da tsarin bai taɓa ɗauka ba a zaɓukan jihohin da suka gabata. Mutum yana iya yarda da wannan bayani ko ya ƙi, amma ko a bakin hukumar darasin ɗaya ne: sashen da bai taɓa haɗuwa da aikin gaske ba shi ne ya karye, ranar da karyewarsa ta fi tsada.

Yadda gaɓa-gaɓa take a aikace

Manomin Aliero ba ya watsa irin albasa a faɗin gona. Yana renonsa a ɗan ƙaramin wuri inda idonsa ke kai, sai ya yi ƙwari ya dasa. Haka ya kamata kamfanin da muka ƙaddara ya yi.

Gaɓar farko shafi ɗaya ne a waya, da Hausa. Kowace yamma mai kula da kaya a Aliero ya shigar da abu uku: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa aka saya. Idan babu sabis wayar ta riƙe, in ya dawo ta aika. Manaja a Jega ya gani kafin sallar isha'i. A fara da sito ɗaya, littafin takarda yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi har wata guda, a riƙa gwama su. Wannan aikin makonni ne, kuma matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar da ke Aliero za su iya shi. Daga ranar da ya fara aiki, ana fitar da tsohuwar albasa kafin sabuwa.

Gaɓa ta biyu neman izinin kuɗi: direba ko wakili ya nema ta waya, mai sa hannu ya amince daga duk inda yake, akanta ya ga sawun kowace naira. Ta uku littafin bashin manoman Maiyama, wanda ya kamata a gama kafin rabon taki, domin gaɓar da ta zo bayan lokacinta ba ta da amfani sai baɗi. Ta huɗu takardun kamfani da hutun ma'aikata. Hoton mai kamfani da tarihinsa su zo a ƙarshe, in har an ga buƙata.

Jerin yana bin ƙa'ida ɗaya: a fara da ramin da ya fi zubar da kuɗi kuma ya fi sauƙin toshewa. Kafin a fara kowace gaɓa a rubuta abin da za a auna ta da shi, misali awa nawa tirela ke jira yanzu, a sake aunawa bayan wata biyu. Idan ba ta rage komai ba, a gyara ta ko a jefar, asarar ƙarama ce. Biya kuma ya zo bayan ma'aikata sun fara amfani da ita.

Amsa ga masu ja

Za a ce: mun san wannan waƙar, ita ce "kashi na ɗaya" da ba ya samun na biyu, ƙasar nan cike take da gine-ginen da aka yi watsi da su da sunan yi a hankali. Wannan suka tana da nauyi, amma ta haɗa abu biyu da suka sha bamban. Wanda ya haƙa harsashin ɗaki goma kuɗi suka ƙare, ba shi da wurin kwana. Wanda ya gina ɗaki ɗaya ya rufe shi ya sa ƙofa, kuɗi suka ƙare, yana da gida. Haka iyayenmu suka gina gidajensu: a kewaye fili, a tayar da ɗaki, a shiga, in aure ya zo a ƙara wani. Sharaɗin gaɓa shi ne ta zama cikakkiya a karan kanta. Rabin sashen albashi da rabin sashen kaya kango ne. Babbar kwangila ita ce mai haifar da kango, domin ba ta da amfani sai an kai ƙarshenta.

Za a ce kuma: gini ba tsari zai zama faci a kan faci, sassan su kasa magana da juna. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ake kewaye fili kafin a tayar da ɗaki. Akwai abubuwa kaɗan da dole a yanke tun ranar farko: kowane ma'aikaci da manomi da sito ya sami lamba ɗaya tak da duk sassan za su yi amfani da ita, ƙofar shiga ta zama ɗaya, a san wa ke da ikon ganin me, a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan da rubutun manhajar mallakar kamfani ne. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, kuma littafin bashin manomi bayanan mutane ne. Duk wannan shawarar mako ɗaya ce ko biyu. Ba ta buƙatar wata shida.

Wasu za su ce WhatsApp ya ishe su. Ya kamata a girmama wannan magana, domin WhatsApp ya yi nasara ne saboda yana aiki a ƙaramar waya, yana ɗaukar saƙon murya, ba ya buƙatar horo. Sai dai ba ya tara lissafi, adadin jiya yana nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki yana tafiya da tarihin cinikin kamfani a aljihunsa. Intanet na cikin gida zai ci nasara ne kawai idan ya fi WhatsApp sauƙi a aiki ɗaya takamaimai, sannan a na biyu. Ba a cin irin wannan gasa da umarnin shugaba.

Wa babbar kwangila ke yi wa aiki?

Idan hujjojin sun fito fili haka, me ya sa ake ci gaba da sa hannu? Saboda babbar kwangila tana da masu cin moriyarta. Tana yi wa ɗan kwangila daɗi, domin yana karɓar kaso mafi girma a lokacin da ba a iya auna aikinsa da komai. Tana yi wa mai neman kamasho daɗi, domin kason babban adadi ya fi kason ƙarami, kuma sayen na'urori ya fi biyan ƙwararru saurin fitar da rabo. Tana yi wa shugaba mai son a gan shi daɗi, domin ba a gayyatar kwamishina buɗe shafi ɗaya na lissafin buhu. Wanda ba ta yi wa komai shi ne mai kula da sito, da direban da ke kwana a tasha, da manomin da aka rubuta masa buhu biyar alhali huɗu ya karɓa.

Aikin gaɓa-gaɓa yana da wani hali da ke sa wasu ƙinsa: yana tona asiri da wuri. Bayan mako shida kowa zai san ko ɗan kwangila ya iya aiki. Bayan wata uku kowa zai ga inda buhuna ke ɓacewa tsakanin Aliero da Jega. Mai kamfanin da ya ji wani na kusa da shi yana dagewa sai an jira cikakken tsari, ya kamata ya tambayi kansa abin da mutumin ke tsoron a gani.

Saboda haka, ga mai kamfani, da shugaban ƙungiyar manoma, da magatakardan makaranta, da duk wanda aka ajiye wa irin wannan takarda a tebur, tambaya ɗaya ta wadatar kafin a ɗauki biro: mene ne ma'aikatana za su fara amfani da shi nan da mako shida, kuma wace asara zai tsayar? Idan mai takardar ya amsa da sunan aiki da sunan wanda zai riƙe shi, a zauna a yi ciniki a kan wannan gaɓa kaɗai. Idan ya fara bayanin cewa sai an kammala duka kafin a ga amfani, a mayar masa da takardarsa, a ba shi kuɗin mota.